Taku 24: yadda wani sabon maharbi a Zariya ya gyara harbinsa na nesa

Asalin lamarin, Oktoba zuwa Disamba 2022

Saurayin da wannan bayani ya shafa ɗan ƙanwata ne, kafinta a Tudun Wada, Zariya, shekarunsa 24 a lokacin. Kakansa na wajen uba maharbi ne a wani ƙauye da ke gefen kogin Galma. Da tsohon ya rasu aka zo rabon kaya, babu wanda ya waiwayi baka da kwari sai shi. Ya ɗauko su ya rataye a shago, har zuwa kaka, lokacin da wasu abokansa masu fita farauta bayan an kawar da amfanin gona suka ce ya riƙa bin su.

Bakan na itace ne, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da kwata, tsirkiyarsa fata ce murɗaɗɗiya. A cikin kwarin akwai kibau 14 na kyauro, masu bakin ƙarfe, babu gashin tsuntsu a gindinsu, kamar yadda aka saba yin kibiya a ƙasar Hausa. Abu na farko da ya yi shi ne ya kai su wurin maƙeri aka cire bakunan aka ƙona su a wuta aka sake wasawa, don tsoron ragowar dafi. Ya ce shi ba zai yi amfani da dafi ba, saboda akwai yara a gidan.

Ya fara koyo shi kaɗai a wani tsohon ramin ginin ƙasa da ke bayan gari, inda bangon ramin ke tare duk kibiyar da ta wuce. Ya cusa tsumma a buhu, ya manna faifai a tsakiya, faɗinsa santimita 30. Ni malamin lissafi ne, ban taɓa jan baka ba. Aikina a wannan lamari shi ne riƙe littafi da biro, da igiyar da muka ƙulla wa ƙulli a kowace mita biyar. Ranar Asabar ta ƙarshe a Disamba muka ɗauki awon farko, kibiya goma goma a kowane nisa. A mita 10, bakwai sun shiga faifai. A mita 20, uku. A mita 30, ɗaya ce ta shiga, huɗu ko buhun ba su taɓa ba.

Janairu 2023: gadar da ta tafi da kibiya

A tsakiyar watan suka fita su biyar zuwa wata fadama. Da hantsi gada ta fito bakin sunƙuru ta tsaya. Ya ɗana kibiya ya saki. Ta same ta a cinya, ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa da kibiyar a jikinta. Sun bi jini har la'asar, jinin ya yi ta raguwa har ya ɗauke a kan wani fako, ba su ƙara ganin sawunta ba. Washegari ya koma wurin da tef ɗinsa na aiki ya auna daga inda ya durƙusa zuwa inda ta tsaya: mita 31. Shi kuwa a ransa bai kai ta mita 25 ba.

Da daddare ya zo gidana ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Kawu, dabbar nan tana can tana ruɓewa da ranta, ni ban ci ba, ita ba ta tsira ba." Daga ranar ya daina bin abokansa daji, ya ce sai hannunsa ya zauna a mita 30.

Fabrairu zuwa Maris 2023: abubuwa uku da ya gwada

Tunaninsa na farko shi ne bakan ya tsufa, ba shi da ƙarfin kai kibiya nesa. Ya sa aka yi masa sabo mai kauri. Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi ne, sai da ya biya mai bakan da kujeru biyu na zaman tsakar gida. Mun auna ƙarfin bakunan biyu da sikelin rataye irin na masu sayar da hatsi: muka maƙala ƙugiyar a tsirkiya muka ja har tsawon da yake ja, santimita 66. Na kakansa ya nuna kilo 18, sabon ya nuna kilo 27. Da sabon bakan kibiya na fita da gudu, tana nutsewa a buhu har rabi. Amma hannunsa na hagu rawa yake yi tun kafin ya gama ja, sai ya riƙa saki da wuri don ya huta. Awon ƙarshen Fabrairu ya nuna biyu cikin goma a mita 20, babu ko ɗaya a mita 30.

Na biyu, ya ƙara yawan harbi. Kullum bayan ya tashi daga shago sai ya tsaya a mita 30 ya yi ta saki, wata rana har ɗari. Cikin mako uku kafaɗarsa ta dama ta riƙe, ya kasa goge katako, ya yi kwana tara bai yi aikin kirki ba.

Na uku ya samo shi ne a YouTube, inda ya ga maharban Amurka da bakansu mai ƙafafun juyawa da 'yan allurai a gefe, kowace allura da nisanta. Ya ɗaure tsinken ashana uku a jikin baka da zare, ya yi wa kowanne alama. Ranar da ya saita su sun yi aiki. Kwana biyu bayan haka, da tsinke ɗaya a nisa ɗaya, kibau suka riƙa sauka kamu guda a sama. Ya gyara, washegari suka koma ƙasa.

Wani abokinsa ya ce masa ƙila hannunsa aka ɗaure, ya je a yi masa magani. Bai je ba. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ya rataye bakunan biyu.

Afrilu zuwa Mayu 2023: kibau

Bayan ƙaramar Sallah muka je ƙauyen kakansa gaisuwa, muka biya wurin wani tsohon maharbi, abokin marigayin, wanda idonsa ɗaya ya fara hazo amma hannunsa na nan daram. Yaron ya durƙusa ya ba shi labari tun daga gada har ciwon kafaɗa. Tsohon bai ce komai a kan sabon bakan ba, ya dai ja shi sau ɗaya ya jingine a bango. Kwarin ya karɓa, ya zazzage kibau a kan tabarma, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora kowacce a kan yatsansa yana neman inda za ta tsaya ba ta rinjaya ba, sannan ya kai ta ido ya murza. Ya kasa su kashi uku.

"Ɗana, waɗannan ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Wannan ta zomo ce, wannan ta babbar dabba, wannan kuwa ta karkace tun kakanka na da rai. Kai duk hanya ɗaya kake aikensu?"

"Baba, na ɗauka kibiya kibiya ce."

Tsohon ya ƙara da wata magana da na rubuta a littafina a wurin. Ya ce kakan yaron kan harbi dabba daga nesa domin dafi ke yi masa sauran aikin, ko a ƙafa ya samu sai ya bi sawu. Wanda ya ajiye dafi, dole kibiyarsa ta shiga bayan kafaɗa, cikin haƙarƙari, wurin da a jikin gada bai fi tafin hannu da rabi ba.

Da muka dawo Zariya na aro ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Mafi sauƙin kibiyar giram 21 ce, mafi nauyi giram 34. Ya murza kowacce a kan gilashin taga da ya shimfiɗa a benci, biyar suka riƙa tsalle saboda karkata. Ya rubuta lamba a gindin kowacce, muka koma rami da bakan kakansa, ina rubuta inda kowace lamba ta sauka. A mita 20, mai lamba 4 da mai lamba 11 kullum hagu suke zuwa, ko yaya ya yi. Masu nauyi uku kullum ƙasa. Wato wani ɓangare na abin da yake ɗora wa hannunsa laifi, a cikin kwari yake.

Sauran watan Mayu a kan haɗa sababbin kibau ya ƙare. Ya samo kyauro dami guda ya zaɓi masu kauri ɗaya, ya yanke su tsawo ɗaya, ya miƙar da masu ɗan lanƙwasa a kan garwashi kamar yadda tsohon ya nuna masa: a gasa wurin kaɗan, a danna da hannu, a riƙe har ya huce. Maƙeri ya yi masa bakuna goma sha biyu, ya riƙa goge su da magagari har nauyinsu ya zo kusa. A nan sana'arsa ta taimake shi, don mutumin da ya saba haɗa ƙafafun tebur huɗu su zauna daidai ba ya ƙosawa da irin wannan aiki. Ya fitar da kibau goma, duk tsakanin giram 27 da 29, kuma kowacce in an ɗora a yatsa tana tsayawa ne gaba da tsakiya, wajen baki. Wannan rinjaye na gaba shi ke sa kibiyar da ba ta da gashi ta tafi kai tsaye ba ta juya ba.

Awon ƙarshen Mayu: takwas a mita 10, biyar a mita 20, biyu a mita 30.

Yuni zuwa Satumba 2023: inda hannu ke tsayawa

A zuwanmu na biyu tsohon ya sa shi ya yi harbi biyar a gabansa, ya tsaya a gefensa yana kallon fuskarsa, bai kalli buhun ba sam. Ya ce hannunsa na dama ba shi da masauki: wani lokaci a haɓa yake tsayawa, wani lokaci a kumatu, wani lokaci bai ma iso fuska ba ya saki. Ya kama yatsansa manuni ya dangwala masa a gefen baki. "Nan ne gidansa. In bai zo nan ba, kada ka saki, ko da zaki ne a gabanka."

Da na zauna na yi lissafin sai na ga girman abin. Tsakanin hannun da ke riƙe da baka da wanda ke jan tsirkiya santimita 66 ne. In hannun baya ya goce da santimita ɗaya tak, kibiya za ta kauce da santimita 15 a mita 10, wanda har yanzu bakin faifai ne. A mita 30 kuwa kaucewar santimita 45 ce, ta bar buhun gaba ɗaya. Dalilin da tsinken ashana ya ƙi zama ke nan: yana saita gaba alhali baya na yawo.

Tsarin da suka tsayar mai sauƙi ne. Ya koma mita 8. Kibiya 30 kacal a rana, kwana huɗu a mako, da sassafe kafin ya buɗe shago. Kowane harbi sai yatsa ya taɓa gefen baki, ya ƙirga biyu a zuci, sannan ya sassauta yatsu tsirkiya ta zame da kanta, hannun hagu kuma ya tsaya a miƙe har sai ya ji kibiya ta bugi buhu. Ba ya ja da baya sai ya sami takwas cikin goma a kwana uku a jere, kuma in zai ja, mita biyu kawai.

Makonni biyun farko abin ya lalace fiye da da, har a mita 8 yana samun biyar, domin hannun ya saba da sakin gaggawa. Ya so ya watsar. A mako na uku kibau suka fara taruwa wuri ɗaya. Ya kai mita 14 a ƙarshen Yuli, mita 18 a tsakiyar Agusta.

A nan ya tsaya cik har mako uku, kibau na sauka ƙasa ba tare da dalili ba. Damina ce ta yi nisa, Agusta kuwa shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Zariya, tsirkiyar fata ta sha laima ta saki. Ya gane ne da ya lura tsirkiyar ta fara dukan hannunsa na hagu. Ya auna tazarar da ke tsakaninta da mariƙin baka, ta ragu da kusan yatsa biyu. Ya canza ta da igiyar roba mai ƙarfi wadda ya murɗa ya shafa wa kakin zuma, ya yanki ɗan kara daidai tazarar da ta dace, yana gwadawa da shi kafin kowane zama. Tsohon bai so wannan canji ba, ya ce fata ta fi shiru. Yaron ya riƙe tasa, ya ɗaura ɗan ulu a wuri biyu don rage ƙarar.

Sun kuma saɓa a kan gashi. Yaron ya manna gashin zabo uku uku a gindin kibau biyar, ya bar biyar haka. A ƙasa da mita 15 babu wani bambanci da littafina ya nuna. Daga mita 20 zuwa sama, masu gashi sun fi taruwa in iska ta kwanta. Awon ƙarshen Satumba da masu gashi: goma a mita 10, takwas a mita 20, biyar a mita 30.

Oktoba zuwa Disamba 2023: nisan da babu igiya

Duk wannan a kan nisan da aka auna ne. Ranar da na ɗauke igiyar na ajiye buhun inda na ga dama, sai ya koma uku cikin goma, yawancinsu sama ko ƙasa, ba hagu ko dama ba.

Mun ɗauki bidiyon harbinsa da waya muka ƙirga hotunan da ke cikin daƙiƙa ɗaya. Kibiyarsa na cin mita 20 a kusan rabin daƙiƙa, wato kimanin mita 40 a daƙiƙa. Da wannan gudu, in an harba ta a miƙe, za ta faɗo da kimanin santimita 30 kafin ta kai mita 10, mita ɗaya da santimita 20 kafin mita 20, sannan kusan mita uku kafin mita 30. Faɗuwar ba ta tafiya daidai da nisa, in nisa ya ninka biyu ita sau huɗu take ninkawa. Wanda ya saita a kan mita 25 alhali dabba na mita 30, kibiyarsa za ta sauka ƙasa da kusan rabin mita.

Akwai kuma maganar ƙara. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka ƙarar tsirkiya na isa kunnen dabbar da ke mita 30 cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kibiya kuwa sai ta yi kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa a hanya. Gada na da isasshen lokacin da za ta zabura. Da na nuna masa wannan sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ko da na saita daidai, cinyar ce za ta zo wurin."

Ya auna takunsa, santimita 75 ne. Ya mai da ƙiyasin nisa abin yi na kullum: a hanyarsa ta zuwa shago sai ya zaɓi turken lantarki ko bishiya, ya faɗi taku nawa ne a ransa, sannan ya taka ya gani. Ranar Lahadi yana zagaya gonakin da aka girbe wajen Kufena da kibau marasa kaifi, yana harbin kututture da suri, kibiya ɗaya ga kowane abu, wani a tsaye, wani a durƙushe, bayan ya tabbata babu makiyayi ko yaro a bayan wurin. Har zuwa taku 25 ƙiyasinsa ba ya wuce kuskuren taku ɗaya ko biyu. Daga taku 35 kuwa yana iya kuskure da biyar, kuma hazon hunturu na ƙara sa abu ya yi kamar ya fi nisa.

Iskar hunturu ta nuna wani abu game da gashin zabo. In tana bugowa daga gefe da hantsi, masu gashi sun fi kaucewa a mita 25 fiye da marasa gashi. Ya rage tsawon gashin da almakashi, ya kuma riƙa zuba iri biyun a kwari.

A Disamba muka cire faifai muka sa murfin gwangwani mai faɗin santimita 15, daidai wurin da tsohon ya kwatanta. Da kibiyar farko, ba tare da igiya ba, yana samun takwas cikin goma har zuwa mita 18. A mita 22 biyar. A mita 30 biyu.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: komawa daji

Ya koma bin abokansa da ƙa'ida ɗaya da ya ɗaukar wa kansa: ba ya saki in dabba ta wuce taku 24, wato mita 18. A fita shida ya yi harbi tara. Ya sami zabin daji biyu da zomo biyu, ya kuskure huɗu sarai ba tare da ya ji wa komai rauni ba. Na taran gada ce. Ya fara ganinta a wajen taku 40, ya bi ta da sanɗa ta ɓangaren da iska ke bugo masa fuska, ya ɗauki kusan minti ashirin kafin ya rage tazarar zuwa taku 19. Ya yi bismilla ya saki, ta shiga bayan kafaɗa. Ba ta yi taku talatin ba ta faɗi, ya isa ya yanka ta da sauran ranta. Sau uku kuma a wannan rani ya ɗana kibiya ya sauke saboda nisa, har abokansa suka yi masa ƙorafi.

Abin da na gani a lamarin

Burin da ya sa a gaba bai cika ba. Ya so hannunsa ya zauna a mita 30, kuma a kan murfin gwangwani bai wuce biyu cikin goma a can ba. Da wannan baka da wannan gudun kibiya, ban ga alamar ƙarin wata shida zai canza hakan sosai ba, domin faɗuwar kibiya da zaburar dabba ba a hannunsa suke ba.

Amma nisan da yake iya dogara da shi ya tashi daga abin da bai kai mita 10 ba zuwa mita 18, kuma a ganina abubuwa uku ne suka kawo haka, ba da nauyi ɗaya ba. Masaukin hannu a gefen baki shi ne babba. Daidaita kibau ya zo kafinsa ne kawai domin in kibau sun bambanta, mutum ba zai taɓa sanin ko hannunsa ya gyaru ba. Ƙiyasin nisa shi ya ɗauke gyaran daga rami ya kai shi daji. Gwaje-gwajensa uku na farko duk sun faɗi ne a kan abu ɗaya, suna ƙara ƙarfi ko yawa ko na'ura a kan harbin da bai taɓa fita iri ɗaya sau biyu ba. Sabon bakan ya fi su ɓarna, domin shi ya koya masa sakin gaggawa da ya ci masa makonni kafin ya rabu da shi.

Ina ganin da ya je wurin tsohon tun a Janairu da bai yi ciwon kafaɗa ba, kuma laifin jinkirin har da nawa, don ni ma na ɗauka littafi da igiya sun isa. Bakan mai kilo 27 yana nan rataye a shagonsa. A watan Maris ya kai wa tsohon cinyar gada busasshiya da kibau biyar masu gashin zabo, tsohon ya karɓi naman, ya zaɓi kibiya biyu ya fige gashinsu ya zuba a kwarinsa.